Layin Gabas na Gidan Wennaby

Taku goma sha ɗaya. Wilf Stathers ya sake aunawa daga bakin gaɓar teku zuwa kabari na farko, bai sami ƙari ba. Bara war haka taku ashirin da uku ne. Ruwa yana cin ƙasar ta ƙarƙashi, samanta kuma yana ɓantarewa kamar burodin da ya jiƙe.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kula da maƙabartar cocin. Kaburbura goma sha tara da ke layin gabas suna ɗaya ne a kansu: Wennaby. Asalinsa sunan wani ƙauye ne da teku ta haɗiye shekara ɗari shida da suka wuce. Waɗanda suka tsira suka matso tudu, aka ci gaba da kiransu da sunan garin da babu shi. A wata tsohuwar ƙidaya an same su sittin da uku a Ingila duka, hamsin a wannan gaɓa. Yaƙi ya kwashe maza, mata suka yi aure suka ɗauki sunan mazansu. Na ƙarshensu a ƙauyen shi ne Septimus Wennaby, dattijon coci mai tsanani, wanda 'yarsa tilo ta tafi birni aikatau ba a sake jin labarinta ba. Kabarinsa ne na farko da Wilf ya haƙa, shi ne kuma yanzu mafi kusa da ruwa.

Ofishin bishop ya amince a tone kaburburan a mayar da su tudu, bisa sharaɗi ɗaya: sai wani na jininsu ya sa hannu kafin ƙarshen Oktoba. Bayan nan ƙasa za ta yi laushin da motar haƙa ba za ta iya kusantar wurin ba.

Wilf bai iya doguwar wasiƙa ba. Yana da shekara talatin matarsa Enid ta koya masa baƙaƙe, a kan rubutun duwatsun maƙabartar, tana riƙe da yatsansa. Layin yamma kaɗai suka yi amfani da shi. Ta ce iskar gabas tana sa mata ciwon kai. Har yau manyan baƙaƙe yake karantawa, a hankali. Saboda haka shi ne mai faɗa, ita ce mai rubutu, ita ce kuma mai karanta amsa.

Sunaye bakwai suka samu a rajistar masu zaɓe. Huɗu sun rasu. Biyu matan aure ne da suka sami sunan ta hanyar mazan da suka riga su gidan gaskiya. Na bakwai wani mawaƙi ne a kudu, wanda ya ce ya ga sunan a taswira ne ya yi masa daɗi.

"To, shi ma ya zo ya yi musu waƙa," in ji Enid, tana zuba masa shayi. "Sha, tsoho. Ka rame har wandonka yana neman wani mai shi."

"Ke ba ki damu ba."

"Na damu da gwiwarka. Matattu ba sa jin sanyi, kai kana ji."

"Ni na rufe Septimus ɗin nan, Enid. Da hannuna."

"Na sani. Ai ranar ce na yi zazzaɓi."

Wilf ya kurɓi shayin. Ya gaji da aune-aune, ya gaji da jiran mai kawo wasiƙa, ya gaji da yi wa limamin cocin bayanin abin da limamin ya riga ya sani. Dabara ɗaya ta rage masa: wata mai binciken asali a birni, Misis Oldroyd, wadda ta ce suna yana iya mutuwa jini bai mutu ba, za ta bi layin mata. Enid ta rubuta mata.

Amsar ta zo saura kwana uku wa'adi ya cika. Shafi biyu ne, rubutun hannu. Enid ta sa tabarau, ta karanta a zuci har ƙarshe, ta koma farko. Wilf yana tsaye da hularsa a hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta. Babu kowa."

"Shafi biyu, duk babu kowa?"

"Mutanen birni ke nan, tsoho. Ba sa iya cewa a'a a taƙaice."

Ta ninke takardar ta sa a jakarta. Wilf ya zauna ya cire takalmansa, ya daɗe yana kallonsu.

A mako na biyu na Nuwamba, ranar Laraba da hantsi, gaɓar ta tsage. Wilf yana nan a tsaye lokacin da dutsen kabarin Septimus ya karkata, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya bi ƙasar. Wilf ya dawo gida bai ci abinci ba.

Washegari Enid ta yanki furanni a lambu ta hau motar birni, kamar yadda take yi kowace Alhamis tun da ta zo ƙauyen tana budurwa, baƙuwar da aka turo aikin gidan waya. A sanin Wilf, kasuwa take zuwa.

Ta sauka a maƙabartar gwamnati, mil goma sha biyu daga teku, inda ake rufe waɗanda danginsu suka ƙi karɓar gawarsu. Ta durƙusa da kyar gaban wani ɗan ƙaramin dutse da ita ta sa aka kafa: Lily Wennaby, shekara goma sha bakwai, ta rasu wajen haihuwa. Ta share ganyen da ke kai, ta ajiye furannin a tulun da ke wurin, ta tura wasiƙar Misis Oldroyd, mai ɗauke da sunan Enid, ƙarƙashin tulun.

"Mama," ta ce, "jiya teku ta tafi da ubanki. Ban sa hannu ba."