'Yar Koriya da Ƙanzon Shinkafa

Kin ce yaren iyayenki ya kuɓuce miki, har kina tsoron buɗe baki a gabansu. To, saurari wannan.

An yi wata mata a Kano, 'yar mutanen Koriya, wadda aka zo da ita tana goye lokacin da mahaifinta yake gyaran injina a masaƙa. Ta tashi da Hausa a unguwa, Turanci a makaranta. In uwar ta yi mata magana da yarensu sai ta amsa da Hausa, har uwar ta gaji ta bi ta. Bayan uban ya rasu, shanyewar ɓarin jiki ta kama uwar. Da ta farfaɗo, Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, babu abin da ya saura a bakinta sai yaren Koriya. Kalma ɗaya take ta nanatawa, ga harshe ya karye, ko wayar da ke fassara ta kasa kamawa. A kawo kunu ta kau da kai, a kawo shayi ta datse haƙora. Kullum sai ƙara ramewa take yi. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai an zura mata robar abinci ta hanci. Hankalin 'yar ya tashi: kada uwarta ta mutu tana roƙon abin da ita ba ta gane ba.

Sai ta dinga kwaso kayan kicin tana zubewa a bakin gado. Ta ɗaga tafarnuwa, tsohuwa ta faɗi sunanta, ita ta maimaita. In ta kuskure, a ɗan make ta da hannun mai lafiya. Gishiri, cokali, ruwa. Wasu kalmomin ashe suna kwance a kan 'yar tun yarinta. Amma waccan kalmar ta ƙi bayyana. Ran nan tana girki, tunani ya ɗauke mata hankali, shinkafa ta kama a tukunya. Ƙauri na shiga ɗaki, tsohuwa ta ɗaga murya: "Nurunji! Nurunji!" Nan take 'yar ta gane. Ƙanzo! Shi uwar take tafasa mata da ruwa in zazzaɓi ya kwantar da ita tana ƙarama. Ta kankaro, ta tafasa, ta kawo. Tsohuwa ta buɗe baki ta sha. 'Yar ta lallaɓo yarensu a karkace ta ce, "Umma, ƙara." Sai da tsohuwa ta gyara mata faɗin tukuna, sannan ta karɓi cokali na biyu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.