Wanzamin da Ya Mayar da Aska Zabira

Na ga bakinka ba ya jinkiri wajen yanke wa mutane hukunci. Zauna tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani wanzami mai sanyin hannu, har akan ce jariri na barci yake aske shi. Shekara talatin, duk sunan da aka yi a unguwarsu shi ake kira. Kwatsam sai wata lalura ta same shi can cikin kunne. Ba ƙurji, ba kumburi, ba abin da ido zai gani, amma da ya sunkuya ko ya juya kai da sauri sai duniya ta kama juyawa da shi, zuciyarsa ta tashi, kunnen ya yi ta ƙugi. Ya koma bin jikin katanga in zai yi tafiya, wuya a sandare. In an kira shi sai ya juyo da jiki gaba ɗaya, gaisuwar manya ma daga tsaye yake yi. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai miƙa kansa ga wanzami mai jiri? Mutanen gari kuwa, ka san halinmu, ba ma barin abu ya wuce ba fassara. Aka ce ai ya samu duniya ne, girman kai ya shige shi.

Ranar sunan jikar amininsa, aka miƙo masa jaririyar a zaure. Ya jiƙa gashin, ya wasa aska, ya sunkuya. Nan take zauren ya kife masa. Kan yarinya ya zama biyu a idonsa, ga maɗiga tana bugawa dab da bakin aska. Ya runtse ido, ya rungume yarinyar har abin ya lafa. Da wani ne sai ya yi ta maza ya ci gaba, ko a dace ko a rasa. Shi kuwa ya naɗe askarsa ya mayar zabira, ya miƙa yarinya da gashinta, ya ce a kira wani, ya fita yana dafa bango. Zaure ya ɗauki surutu, wai ya wulaƙanta gidan da aka riƙe shi ɗan'uwa. Aminin ya bi shi gida a fusace, da niyyar a yi ta ta ƙare. Ya tarar da shi kwance a gefe ɗaya, gumi sharkaf, ya ƙanƙame ƙafar gado da hannu biyu kamar mai shirin faɗawa rijiya. Wanzamin ya ce, “Ƙasa ce ta ƙi tsaya mini, aboki. Gara ku zage ni da in yanki jikarka.” Aminin ya nemi faɗan da ya zo da shi ya rasa, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe masa kafaɗa. Ni dai duk sanda na tuna maganar nan sai tausayi ya kama ni.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.