Hoton da Mamuda Ya Je Ɗauka a Kaduna

Sau uku Mamuda ya gyara zaman hularsa kafin motar ta fita daga Warra. Ya sa rigar sanyi a kan babbar riga, ya naɗa mayafi a wuya, ga 'yarsa Mufida mai shekara goma sha shida a gefensa tana rungume da jaka.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana tuƙa jirgin fasinja a tafkin Kainji, amma bana kasuwa ta juya masa baya. Ranar kasuwa mutane sai su wuce jirginsa su cika na Surajo, wanda jiya-jiya ya koyi tayar da inji. Mamuda ya zauna ya yi nazari, ya gano dalili. Surajo ya je Abuja ya ɗauki hoto a gaban wani dogon gini, ya manna a goshin jirginsa. Mutanen yanzu kuwa wayewa suke bi. Batun kututturen da Mamuda ya buga sau biyu da damina ba ya cikin lissafi, don kowa ya san itatuwan ƙarƙashin tafkin nan ba sa zama wuri ɗaya.

Mufida ce ta kawo shawarar. A je birni da hutun sanyi, ita ta buɗe ido, shi ya samo hoton da zai kashe bakin Surajo. Ta ce Kaduna, don Abuja kowa ya je. Hansatu, uwarta, wadda ko Yelwa ba ta barin yarinyar ta je ba tare da dogon wa'azi ba, ta amince nan take, har da soya musu kifin guzuri. Mamuda ya ji daɗi ƙwarai da gidansa ya fara gane darajarsa.

Kaduna ba ta burge shi ba. Hayaƙin motoci ya lulluɓe komai, gine-ginen da ake ta yabo duk sun dusashe. Da suka hau gada Mufida ta ce ga kogin Kaduna, ya leƙa ya tsuke baki.

"Wanga shi na kogi? Ko ganinai ban yi ba don ƙanƙanta."

Yarinyar dai birni ya firgita ta, haka ya lura. Ta riƙe hannunsa gam ba ta saki. Kowane kwalbati sai ta ce, "Baba, ga rami," kowane allo sai ta karanta da ƙarfi don a san ta yi boko. Ya ƙyale ta, yaro da ɗoki.

Abin da ya fi ɓata masa rai rashin tarbiyyar mutanen birni. A ƙofar wani kanti ya yi wa wani dogon mutum mai kwat sallama har sau biyu, mutumin ko motsi bai yi ba. Mufida ta ja shi suka wuce, kafaɗunta na rawa, da alama sanyi ya kama ta. A gidan namun daji kuma aka nuna masa wani tulin ƙasa aka ce zaki ne yana barci. Ya ce an cuce su.

Da safiyar rana ta biyu ya gaji da yawo, ya tuna jirginsa na can ɗaure, Surajo na kwashe masa mutane.

"Ke ɗiyar ga, hoto ya kawo ni. Ina mai hoton?"

"Yau za mu, Baba. Wurin da ya fi ko'ina a garin ga. Sai da kati ake shiga."

Wuri ne kuwa na gaske. Benci-benci cike da jama'a, yawancinsu dattawa, wasu har daga Zamfara da Neja, kowa na jiran layi. Da dama sun rufe ido ɗaya da wani farin abu, sabon yayi da bai iso Warra ba tukuna. Warin magani ya cika ko'ina. Mamuda, wanda ya rantse tun rasuwar mahaifinsa ba shi ba wurin da ake warin magani, ya fara miƙewa.

"Na wanke hoto ne, Baba," in ji Mufida.

Ya koma ya zauna. Wata mai fararen kaya ta zo ta ɗiga masa wani ruwa a ido. Mufida ta ce don ido ya fito rangaɗau a hoto ake yi. Ya jinjina kai. Lalle Surajo a bakin titi aka ɗauke shi, don bai taɓa ba da labarin wannan ba.

Aka kira sunansa. Ɗakin da duhu-duhu, mai hoton na zaune a bayan wata na'ura wadda Mamuda bai taɓa jin labarin irinta ba. Aka ce ya ɗora haɓa a nan, goshi a can. Ya cire mayafi, ya karkata hula, ya yi murmushin da ya kwana biyu yana gwadawa. Zuciyarsa fes. Yana ganin ranar kasuwa mai zuwa, jirginsa maƙil da mutane, Surajo na zaune yana korar ƙuda.

Haske ya shiga idon dama, ya koma na hagu, ya daɗe a can. Mai hoton bai ce a yi murmushi ba, bai ce an gama ba. Ya ja kujerarsa baya, ya juya wajen Mufida.

"Ke ce kike ta kiran asibitin nan tun damina, ko? Kin kyauta. Yanar ido ce, kuma aikin tiyata zai gyara ta in Allah ya so. Amma idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama ma inuwa kawai yake gani. Kika ce har makon jiya mutum arba'in yake ɗauka yana tsallaka ruwa da su?"