Gonar Malam Tanimu Ta Fito Tas

Kullum da hantsi, idan tauraron ɗan'adam zai gifta ƙauyen don sauraren danshin ƙasa, doka ce kowa ya kashe wayarsa don kada ta dagula masa ji. Da abin da ya jiyo ake sanar da ranar shuka.

Na'urar Malam Tanimu kaɗai ce ba a iya kashewa, domin a ƙirji likitoci suka dasa masa ita, tana aika musu bugun zuciyarsa. Shi ya sa matarsa Kulu kan tura shi cikin rumbun kwano, inda saƙon na'urar ba ya iya fita, har tauraron ya wuce.

Ran nan ya ƙi shiga, ya kishingiɗa a gindin darbejiya. Kulu ba ta matsa masa ba, don ta daɗe tana son sanin abin da tauraron ke ji. Bayan tauraron ya wuce, ta kira malamin gona.

"Ɗana, yaya gonarmu ta fito yau?"

"Tas, Inna. Da Baba yana waje, da ta fito kamar gobara ta tashi. Yau ko ƙis ba a jiyo daga na'urarsa ba. A yi masa godiya."

Kulu ta sauke wayar a hankali, ta waiwayi darbejiya.

"Malam," ta ce. Ta matsa kusa. "Malam?"