Bangon da Ke Amsawa

Tun da aka gina Bangon Sojoji, duk sunan da ka dafa, muryar mamacin za ta amsa maka. Kowace Juma'a, da hannunsa ɗaya da ya rage, Sajan Barmo ke tura keken mahaifiyarsa zuwa wajen sunan ƙanensa.

Ta dafa dutsen.

"Inna, kin zo?" in ji muryar.

"Na zo, Ilu. Ka ci abinci?"

Zuciyar Barmo ta tafasa. Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba.

"Inna, ni ma fa na je yaƙin nan."

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kai ai ka dawo. Yi shiru, yana magana."