Mai Kitso da Wayar Auta

Kin ce za ki ƙwace wayar yarinyar nan ki jefa rijiya ki huta. To, kafin ki jefa, gyara zama ki ji yadda wata mai kitso ta yi a Malumfashi.

Matar nan gwana ce, in ta kama kai sai an tsayar da mai shi a hanya an tambayi wa ya yi. Boko kuwa ko bihim ba ta sani ba. Babban ɗanta da ke aiki a Legas ya aiko wa autarta babbar waya saboda karatu, yarinyar ba ta wuce shekara goma sha uku ba. Tun daga ranar uwar na kitso tana satar kallonta, ta ga ta yi dariya ita kaɗai, ta ɓata rai ita kaɗai, abin ya tsaya mata a rai. Maƙwabta suka ce ta ƙwace. Ita kuwa tana ganin ɗan maƙwabcinta da aka ƙwace wa tasa, kullum yana laɓe a shagon caji yana latsa ta abokai, inda babu idon kowa. Ran nan bayan la'asar sai ta ajiye tsinken kitso, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, “Auta, zo ki koya mini abin nan.”

Ai kuwa sai ga uwa ta zama ɗaliba! Yatsan da ya saba da tsagar gashi ya dinga zamewa a kan gilashi, Auta na tuntsirewa da dariya, ita ma tana taya ta. Ranar da ta iya aika saƙon murya, ƙanwarta ta amsa daga Maraɗi nan take, sai da ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta ga kitson matan Yamai da na Dakar, ta kwana tana ƙissima yadda aka karya shi, gari na wayewa ta gwada a kan Auta, ya fito cas. Suka ɗauki hoton shuku da kalabar da take yi, ta ƙeya kawai, ban da fuska, sai ga mata daga wasu unguwanni suna sallama. Kullum tambaya take yi: wannan wane ne, a ina kika san shi, me wannan alamar take nufi? Auta ba ta ɗauki tambayar a matsayin bincike ba, don ta ga uwar da gaske take son sani. Har ya zama duk abin da ya faɗo wayar, mai daɗi ko na ban haushi, Inna ce farkon gani.

Shi ya sa ranar da wani saƙo ya shigo wayar, yarinyar ta shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. “Inna, an zaɓe ni! Wata Anti ta ce za ta sa ni a tallar man gashi!” Uwar ma sai da ta yi murna. Ta ce a karanta mata tun daga farko. Antin ta yabi gashin Auta, ta ce ta turo hotunanta babu ɗankwali, ranar Asabar kuma ta zo tasha ita kaɗai za a ɗauke ta a mota. A ƙarshe ta ce kada ta gaya wa kowa a gida tukuna, don ta ba su mamaki. Nan mai kitso ta gane akwai lauje cikin naɗi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Mai son ki da alheri ba zai ce ki ɓoye mini ba. Kira ta a bidiyo mu gaisa.” Aka ce kyamara ta lalace. Sai ta karɓi wayar da hannunta ta danna kira, kamar yadda aka koya mata. Muryar ƙaton namiji ce ta amsa, yana jin ta babbar mace ya kashe. Auta ta ƙanƙame uwarta, da ta natsu kuma ita ce ta nuna mata inda ake toshe lamba da inda ake kai ƙarar mai shafin.

Washegari Juma'a, gidan ya cika da masu kitso. Duk wadda ta sa kai tsakanin gwiwoyinta sai ta ji labarin nan tun daga tushe. Ana cikin haka wata mata ta zabura, rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta ja mayafi ta yi waje, don ta tuna 'yarta ta ce gobe Asabar za ta je gidan ƙawa. Ba a jima ba ta dawo riƙe da hannun yarinyar tana haki tana hamdala: saƙo iri ɗaya, tasha ɗaya, har yarinyar ta goge kayan da za ta sa. Mazan unguwa suka kai maganar ga hukuma. Daga makon nan tsakar gidan mai kitso ya koma makaranta, 'yan mata na koyarwa, iyaye na jere a tabarma kowace da tambayarta, ana kuskure ana shewa.

To, ga wayar nan a hannunki, ga rijiya, ga kuma 'yarki. Hausawa dai sun riga sun faɗa: matambayi ba ya ɓata.