Baturi na Biyar

Madu ya jiƙa auduga, ya manna wayoyi biyu a gadon bayan matarsa, ya murɗa makunni. Idonsa na kan ƙafarta. Ƙafa tana nan kamar icen girki.

Tun ranar da ruwa ya ci Maiduguri Ammatullahi ba ta sake takawa ba. Sun riga sun fito daga gidansu na Bulabulin, sai ya ce ta koma ta ɗauko masa jakar kayan aiki, don shi mai gyaran sola ne. Katanga ta faɗo mata a baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ko allura ka soka ba ta ji. Ita ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Shi ne ke faɗa wa kansa kullum.

Wata rana ya ga wani Bature a waya, mai irin ciwonta, an sa masa na'ura mai tura lantarki cikin laka, ga shi yana takawa da sanda. Ya nuna wa likita. Likita ya ce wannan tiyata ake yi a dasa ta a ciki, a ƙasar waje, can ɗin ma gwaji ake yi, kada ya kuskura. To, wa zai koya wa mai gyaran wuta aikin wuta? Ya haɗa tasa da baturin mota.

Ɗaya bai yi ba, ya ƙara na biyu. Kafin wata guda sun zama huɗu.

Ya Fanna, uwar Ammatullahi, ita ke yi mata wanka. Ta ga bayan ya ƙone kamar an ɗora garwashi, har yana ruwa. Shi ma Madu yana gani, sai ya matsar da waya gefe ya ce alamar wuta na shiga ce.

"Wallahi rijiya zan zuba batiran nan," in ji tsohuwar.

Ammatullahi ta ce, "Ya, ki bari. Da fa ko abinci ba ya ci. In kika raba shi da abin nan, shi za mu fara binnewa."

Ciwo ya fara wari, zazzaɓi ya shigo. Ranar Talata Madu ya kawo na biyar, ya ce zai yi ta ƙarawa har sai ƙafar ta motsa.

Ana wannan zafin namu, Ammatullahi ta ce sanyi take ji. Aka lulluɓe ta da bargo, kan yatsun ƙafa kawai a waje.

Ya murɗa.

Babban yatsa ya ɗaga. Ya sauka. Ya sake ɗagawa.

Madu ya faɗi ya yi sujada, yana kuka kamar yaro.

"Baban Jannat," ta ce a hankali, "ya isa haka ko? Tunda ta motsa, mu bar wa Allah sauran."

"Mu bari? Yanzu da na gane ƙarfi take so? Bari in samo ƙarin uku!"

Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba.

Ya Fanna, bakinta cike da hamdala, ta ɗage bargo don ta shafa ƙafar 'yarta. Sai ta ga baƙin zare ɗaure a gindin babban yatsa, ɗaya bakinsa naɗe a hannun Ammatullahi.